Duna Ba Ya Haushi

Tun kafin su gama gaisawa Salissou ya lura tsohon ya tattare bakin jallabiyarsa da yatsu biyu, kamar mai shirin tsallake kwata. Ba shi ne mai gida na farko da ya yi haka ba.

Duna yana zaune kusa da ƙafar Salissou, baƙi wuluk, girmansa ya kusa na ɗan maraƙi. Karen wani bature ne da Salissou ya daɗe yana yi wa aikin lambu a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Da baturen ya tashi komawa ƙasarsu, likita ya ce zuciyar karen ba za ta jure jirgi ba. Salissou, wanda a da har da ƙasa yake wanke hannu in karen ya lashe shi, shi ne ya ce a bar masa. Yanzu Salissou ya koma hannun sabon kafili, wato ubangidan da ke riƙe da takardun aikinsa, kuma ranar Alhamis za a karɓi makullin tsohon gidan.

Bachir, ɗan garinsu Damagaram mai dako a kasuwar Aziziya, shi ya samo wannan ɗaki, da ɗan tsakar gida da magarya a ciki.

"Da saluki ne, karen farauta, da ban ce komai ba," in ji mai gidan, Abu Nayif. "Wannan kuwa mamnu', an hana. Jaki ne ko kare?"

"Karen gadi ne, ya Shaikh," Bachir ya yi caraf. "Ai malamai ba su hana na gadi ba. In ya buɗe baki har Makka sai an ji."

Tsohon ya ce kwanan baya an haura an sace masa tukwanen gas. In karen na gadi ne da gaske, ya zauna a tsakar gida. Ya ƙwala wa direbansa kira, ya ce ya zagaya ya hauro katanga da sanda, a ga ko karen zai yi haushi.

Salissou ya dubi karen. Lokacin da Duna yake ƙarami maƙwabta sun kai ƙarar haushinsa, har aka ce za a fitar da shi daga unguwar. Salissou ne ya zauna da shi wata da watanni, da guntun nama a aljihu, yana dafa masa hanci duk sanda ya buɗe baki, har ya daina.

Kan direban ya bayyana a saman katanga. Duna ya miƙe, gashin wuyansa ya tashi, ƙirjinsa ya cika. Sai ya waiwayo ya dubi Salissou.

"Yi mana, Duna," Salissou ya ce ƙasa-ƙasa. "Yau kaɗai."

Karen ya haɗiye abin da ya taso masa. Ya dawo ya zauna, ya cusa hancinsa a aljihun Salissou yana jiran ladansa.

Abu Nayif ya yi dariya har da tari. "Ɗaki naka ne, sadik, abokina. Shi kuwa, a'a."

Ranar Alhamis Bachir ya aro motar kayan miya, suka fita bayan gari wurin wani makiyayi ɗan Sudan da ya ce zai karɓi karen. Babu bishiya ko ɗaya, sai rumfar kwano da raƙuma da iska mai zafi.

"Yaya, ka yi haƙuri," in ji Bachir. "Nan ma Allah na nan. Duk Juma'a sai mu leƙo shi."

Dukansu sun san wurin ya yi nisa.

Salissou ya nuna wa makiyayin yadda ake ɓoye ƙwayar magani a cikin nama, ya ce karen ba ya shan ruwan da ya kwana a rana. Mutumin yana ta gyaɗa kai, idonsa na kan raƙumansa. Ya ɗaure Duna a jikin turken rumfar da igiyar ɗaure taguwa.

Salissou ya durƙusa ya sa yatsa tsakanin igiyar da wuyan karen, ya sassauta ta kaɗan. Ya juye sauran naman a kwano. Da Duna ya sunkuyar da kai ya fara ci, sai Salissou ya miƙe a hankali. Bachir na can yana tambayar makiyayin ko akwai kunamu a wurin. Salissou ya bi ta bayan rumfar, ya wuce motar, ya nufi titi da ƙafa.