Kulocin da Ba a Taka Ba

"Taka shi har ƙasa," in ji Walt. "Har ƙasa na ce, ba shafa shi za ka yi ba."

"Ai har ƙasa yake."

"Ƙarya kake yi. Ina kallon ƙafarka."

Lonnie Pruitt ya ciji leɓe, ya damƙi sitiyari da hannu biyu, ya sake danna kulocin. Ƙafar hagun ta yi rabin hanya ta tsaya, ta kama rawa tun daga gwiwa har idon sawu. Ya ture libar giya da ƙarfin tsiya. Ƙarfe ya ci ƙarfe, motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu a bakin gareji, gabanta a rana, bayanta a inuwa.

"Kai ka ɗaure shi da tauri," in ji Lonnie, bai ɗago kai ba. "Na san aikinka, Mai Wa'azi. Komai sai ka matse shi kamar ranka."

Walt Kuzniak ya san ba haka ba ne. Shi ya ɗaure kulocin, kuma ya gwada shi da tafin hannu ɗaya ya tafi sumul. Shekara ashirin da shida ke nan suna maƙwabtaka a wannan layi na Ferndale, shingen waya kaɗai ya raba su, bai taɓa ganin Lonnie ya ɗora wa ƙarfe laifin da ba nasa ba sai yau.

Shekara talatin da huɗu Lonnie ya yi a masana'anta yana haɗa giyabos. Dubbai sun bi ta hannunsa sun shiga motocin wasu, shi kuwa a tsohuwar motar iyali ya yi ta kai yara makaranta har suka girma suka watse. Duk Asabar ta uku ta watan Agusta, ranar da masu tsofaffin motoci ke fitowa su cika titin Woodward, yakan ɗauki kujerarsa mai naɗewa ya zauna a bakin titi tun safe. Mota tana wucewa zai gaya maka irin giyar da ke cikinta, da kunne kawai. Sai a watan Oktoban bara, yana da shekara sittin da takwas, ya sayi tasa motar ƙawa ta farko a rumbun wani manomi a Ohio: ƙirar 1970, silinda takwas, koriya shar, doguwar fuska, in ta yi gurnani tagogin layin sai sun amsa.

Aibinta ɗaya a wurinsa. Otomatik ce.

"Motar zuwa coci ke nan," ya ce ranar da aka sauke ta. "Namiji ba ya shiga Woodward da abin takawa biyu. Uku ne, ko kuwa ka zauna a kujerarka ka yi kallo."

Sun kwashe hunturun nan kaf a ƙarƙashinta, su biyu, ƙanƙara ta toshe ƙofar gareji, hitar ɗumama ɗaki ɗaya a tsakaninsu. Suka sauke otomatik ɗin, suka huda ƙasan motar, suka ɗora giyabos na hannu mai giya huɗu. Ranar saukewar, sandar da ke haɗa liba da giyabos ta ƙi kwancewa don tsatsa. Walt ya ce a zuba mata mai a bar ta ta kwana. Lonnie ya jawo zarto.

"Ba a yanke abin da za a iya kwancewa," in ji Walt.

"Wa zai sake nemanta? Wannan tarkacen ya fita ke nan har abada. Kai shi bola."

Ya yanke ta gida biyu yana dariya. Walt ya tura tsohon giyabos ɗin a baro zuwa gidansa, ya ce zai kai bola ranar Litinin.

Tun a lokacin Lonnie yana jan ƙafar hagu. In zai fito daga ƙarƙashin mota sai ya kama taya ya daɗe kafin ya miƙe. Matarsa Ernestine ta karɓar masa ranar ganin likita sau uku, sau uku yana cewa sai an gama aikin giyabos. Wata huɗu ya yi yana wannan magana. Maza irinsu suna kiran haka juriya. Wauta ce, kuma Walt ya gaya masa hakan a gaban matarsa, amma washegari ya dawo da sifana a hannu ya ci gaba da taya shi. Wannan kuma laifin Walt ne, ya kuma sani.

Sati biyu bayan ranar da motar ta mutu a bakin gareji, likitoci suka ce ciwon daji ne a ƙashin baya, ya riga ya yaɗu. Ƙafar hagu ba za ta dawo ba. Ta dama da sauranta.

Walt ya same shi a baranda a farkon Yuni, bargo a cinya duk da zafin da ake yi. Ya zauna a kan matakala, ya ajiye kofin kofi.

"Ƙafarka ta dama tana aiki. Otomatik ba ya neman fiye da haka. Kwana uku zan mayar maka da shi."

"Ka zo gaishe ni ne ko ka zo zagina?"

"Na zo gaya maka gaskiya, tsoho. Saura wata biyu da rabi ranar Woodward. Kana son ka tuƙa ta ko kana son ka yi ta kallonta?"

"Ƙafar za ta saki. Suna gasa min ita a asibiti duk Talata."

"Ba za ta saki ba. Ka ji abin da likita ya ce, ni ma na ji."

Lonnie ya juyo ya dube shi. Fuskar ta zabge, amma idon yana nan yadda yake. "Shekara nawa na yi a bakin titin nan ina yi wa masu otomatik dariya? Abokaina su Chester duk suna wurin. Kana so in wuce ta gabansu hannuna a cinya kamar mai jiran bas?"

"Su Chester ba su ne za su mutu ba."

Ernestine, wadda ke tsaye bayan ƙofar raga, ta ce, "Walter." Cikakken sunansa kawai ta kira. Ya ɗauki kofinsa ya tafi gida.

Haka Yuni ya wuce, Yuli ya bi shi. Kullum da safe Walt yana hango shi ta shinge: Ernestine ta riƙo shi zuwa gareji, ta zaunar da shi a kujerar direba, ta ɗaga masa ƙafar da hannunta ta ɗora a kan kuloci. Yakan yi minti goma yana dannawa, injin a kashe. Daga baya ya koma minti biyar. Daga baya aka daina buɗe garejin. Aka kawo gadon asibiti aka kafa a falo kusa da taga, domin ya daina iya hawa bene.

Saura kwana tara ranar Woodward, Ernestine ta ƙwanƙwasa wa Walt ƙofa, ta ce ana kiransa.

Falon yana warin magani da burodin masara da ba a taɓa ba. Lonnie bai yi gaisuwa ba.

"Wancan tarkacen. Ka kai bola?"

"Kai ka ce in kai."

"Na san abin da na ce. Kai da ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ka yarwa. Yana ina?"

"Bayan injin yankan ciyawa. Na rufe shi da tamfol."

Lonnie ya rufe ido. "To, mayar da shi. Kuma in ka yi min wa'azi sai na tashi na fasa maka baki."

Walt bai yi wa'azi ba. Ya ja motar zuwa garejinsa a ranar, ya ɗaga ta a jak. Shekararsa sittin da huɗu, kafaɗarsa ɗaya ba ta ɗaguwa sosai, kuma aikin mutum biyu ne. Ya sauke mai giya huɗun da ko mil ɗaya bai yi ba. Ya ɗora tsohon otomatik ɗin a ƙirjinsa da gwiwoyinsa ya cusa shi a mazauninsa. Ranar Lahadi ya gama ɗaure bututan mai, ya miƙa hannu cikin kwali zai ɗauko sandar liba, ya fito da ita guntu biyu.

Ya daɗe zaune a ƙasa yana kallonsu. Ya gwada walda. Tsatsa ta cinye ƙarfen, ya tsage a hannunsa. Irin ta wannan shekarar ba a samunta a kanti. Ya yini yana buga waya, har ya dace da wani mai tsofaffin kayan mota a Tennessee, wanda ya ce zai sa ta a gidan waya, ta iso Alhamis in Allah ya so.

"Me ya tsayar da kai?" in ji Lonnie ranar Talata. Muryar ta koma kamar ana jan takarda.

"Sandar da ka yanke."

Lonnie ya ce, "Ka ce in zuba mata mai."

"Na ce."

"To, faɗi mana. Na ga yana cin ka."

"Ba abin da zan faɗa."

Sandar ba ta iso ba sai Juma'a da la'asar. Asabar da hantsi Walt ya sauke motar daga jak. Tun daga layinsu ana jin Woodward ya cika, rugugin injuna kamar hadari mai nisa. Ya wanke hannu, ya ɗauki makulli ya tsallaka.

Ma'aikaciyar jinya ta tare shi a ƙofa ta girgiza kai. Tun daren Laraba Lonnie bai iya zama ba. Ko matashi aka ƙara masa sai ya yi ƙara.

Walt ya tsaya a gefen gadon, makullin a hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi.

"Ta tashi?" in ji Lonnie.

"Ta tashi."

"Ka gwada ta a titi?"

"A'a. Taka ce. Ban so in riga ka ba."

Lonnie ya motsa baki kamar zai yi dariya. Ya juya ido wajen matarsa. "Ernestine. Ke ba ki taɓa iya kuloci ba. Shekara arba'in da ɗaya ina koya miki, kin ƙone min biyu."

"Ɗaya ne. Ɗayan kai ka ƙone shi ka ɗora min."

"Wannan ba ta da shi. Karɓi makullin. Ki kai ta ƙarshen layi ki juyo, in kin zo daidai tagar nan ki taka mai. Kada ki ji tsoronta. Mai Wa'azi, buɗe min taga."

Ernestine ta dubi Walt. Ta cire atamfar girkin da ke ɗaure a ƙugunta, ta ninke ta ajiye a kan kujera, ta karɓi makullin ta fita.

Walt ya ɗaga tagar har sama. Suka ji an buɗe ƙofar mota an rufe. Injin ya tashi, kofunan da ke cikin kabad suka yi ƙara. Ta fita da baya a hankali, ta tafi, ƙarar ta yi nisa. Lonnie ya rufe ido, hannunsa na dama a kan bargo, yatsun a dunƙule kamar sun riƙe wani abu. Sai ga ta ta dawo. Daidai tagar Ernestine ta taka, koriyar ta yi kururuwa ta wuce, ta ja, ta ja, sannan ta faɗa giya ta biyu.

"Ka ji?" in ji Lonnie.

"Na ji. Lafiya lau take."

"Lafiya lau ɗin gidanku. Ta makara wajen shiga ta biyu. Ɗan notin nan na gefen dama, mayar da shi rabin zagaye." Ya huta, ya nemo numfashi. "Rabi na ce. Kada ka matse shi kamar ranka."

"Zan gyara."

"Ce mata ta sake wucewa."

Sau huɗu ta wuce. A na huɗun barci ya ɗauke shi.

Ya rasu ranar Litinin da rana tsaka, Ernestine tana shanya a bayan gida, Walt yana zaune a gefensa da jarida. Ranar jana'iza su Chester suka zo da motocinsu goma sha ɗaya suka jeru bayan motar gawa, kamar yadda ake yi wa irinsu. Ernestine ce a gaba cikin koriyar, da baƙar hula, kujerar an matso da ita har kusa da sitiyari. Babu wanda ya tambayi abin takawa nawa ne a cikinta.

Washegari da safe, kwanukan abincin maƙwabta suna jere a teburin kicin ba wanda ya buɗe, Walt ya nemi makulli. Ya shiga ƙarƙashin motar da ƙaramar sifana, ya lalubo notin, ya mayar da shi rabin zagaye. Ya kai ta ƙarshen layi ya juyo, ya taka. Ta shiga ta biyu a kan lokaci. Tagar falon a rufe take, an riga an zo an ɗauke gadon.

Ya mayar da ita garejin Lonnie ya kashe. A kan teburin aiki ya ga abin taka kulocin da ya kwance, inda ya kawo ya ajiye shi tun makon jiya. Ya ɗauka ya juya shi a hannu. Robar sabuwa ce fil, zanenta bai goge ba ko kaɗan, sai gefe guda na sama inda takalmi ya ɗan shafe ƙura. Ya goge shi da tsumma, ya rataye a ƙusa kusa da zarton, ya jawo ƙofar garejin ƙasa.