Darar da Maijidda Ta Rubuta

"Baba Jalo, tallafe shi ta ƙasa, gilashi ne," in ji Maijidda.

Jalo ya rungumi akwatin kamar mai ɗauke da tulu cike da ruwa, ya bi ta lungunan unguwar Kwarbai yana tsallake kwata a hankali. Ita tana gaba da ɗaya akwatin a ka, wayoyi na lilo a kafaɗarta. Shi dai albasarsa ya kawo kasuwa daga ƙauye kamar kowace Alhamis, sai ga ta a bakin rumfa, wai ya zo gida ana nemansa.

"Babanki da bakinsa ya ce in zo?"

"Bai ce ba, Baba. Ni na ce."

Jalo ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da tafiya, don babu inda zai ajiye kayan mutane.

Shekara talatin da ɗoriya, duk Alhamis in kasuwa ta lafa, yakan zo ƙofar gidan mahaifinta, Malam Garba, tsohon akawun ƙaramar hukuma, su tona gidaje talatin a ƙasa su buga dara har la'asar. Garba da duwatsu, Jalo da karare. Bana, bayan ƙaramar salla, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Malam. Hannun dama ya mutu, na hagu sai rawa, magana kuwa da ƙyar ake tsintar kalma ɗaya. Da ya ɗan ji sauƙi, Jalo ya kai masa ƙasa a tire har ɗaki. Malam ya ɗauki dutse, hannu ya kaɗa, ya watsa wasan duka a kan tabarma. Ya juya fuska bango. Wata huɗu ke nan, duk zuwan Jalo sai a ce masa Malam na barci.

Yau ba barci yake ba. Yana jingine da matashi, ya rame, hularsa a karkace. Jalo ya yi sallama, Malam ya kalli rufin ɗaki.

Maijidda ba ta kula su ba. Ta jawo ƙaramin tebur, ta haɗa wayoyi, ta ciro wani baƙin faifai mai kusurwa huɗu daga jakarta ta zura. Shekararta ta ƙarshe ke nan a jami'a a Samaru, tana karatun kwamfuta. Akwatunan kuwa injin kwamfuta ne na Hajiya Delu mai shagon buga takardu a Tudun Wada, ta ara mata zuwa magariba.

Gilashin ya kawo haske. Jalo ya matsa kusa, ya ƙirga da yatsa. Layi biyar, gida shida-shida.

"Kai! Dara ce!"

"Ita ce. Farare na Babana, jajaye naka." Ta ajiye allon maɓallan a tsakaninsu. Duk ta rufe su da kwali, ta bar biyu kawai: dogon nan na ƙasa a gefen mahaifinta, da wani mai faɗi a gefen Jalo. "Ka ga hasken nan da ke kan gida? In ka taɓa maɓallinka, zai matsa gida na gaba. In ka danne ka ƙirga uku, ɗanka ya zauna. In an gama kasawa, haka za ka zaɓi ɗa, ka zaɓi inda zai koma. Ka jera uku, ka ci ɗaya. In hannu ya yi rawa ya buga sau biyar a jere, sau ɗaya zai ɗauka."

Wannan na ƙarshe ba Jalo ta gaya wa ba, ko da yake shi take kallo.

"A Legas aka sayo?"

"Ni na rubuta shi, Baba. Wata uku ina yi, duk sanda na samu inji babu kowa a kai."

Jalo ya dube ta. Yarinyar da take rarrafowa ta kwashe masa karare tana taunawa, yau ita ce ta zuba dara a cikin gilashi, har ta auna rawar hannun ubanta ta yi mata wuri. Ya tattaɓa maɓallinsa, sannan ya danne. Jan ɗa ya zauna a tsakiya, injin ya yi ɗan ƙara kamar ɗan tsako.

Malam Garba na kallon rufi. Hajiya Batulu, matarsa, ta leƙo daga ƙofa ta koma. Jalo ya gyara zama ya ce, kamar da bango yake magana, "Dama mutanen birni in sun ga an tsare tsakiya, tsoro suke ji."

Hannun hagun ya taso yana kaɗawa, ya faɗi a kan dogon maɓallin, ya zauna. Farin ɗa ya bayyana daf da ja.

Suka kasa 'ya'ya sha biyu-sha biyu. Da aka fara tafiya, tausayi ya kama Jalo. Ya ga gumi a goshin abokinsa, sai ya janye ɗan da ke tsare hanya, ya bar masa ci a fili. Malam ya kalli gilashin, ya juyo ya kalli Jalo, karo na farko cikin wata huɗu. Idon ya yi ja. Ya ɗauke hannunsa ya ɗora a cinya.

Kunya ta rufe Jalo. "Maijidda, ana iya mayar da shi?"

"Ba a iyawa, Baba. Ban sa wannan ba. Ku ma ba kwa yarda a mayar."

"To Malam, ka ci abinka, na yi wauta. Amma wallahi daga nan ba sauran ragi."

Malam ya ci. Jalo ya tattare hannun riga, ya shiga wasa da gaske, ya cinye masa uku a jere. Can ya tura wani ɗa, jajaye huɗu suka jeru, injin ya yi ƙararsa ta ci.

Malam Garba ya buga tabarma.

"Hu... huɗu," ya ce. Bakin ya karkace, yawu ya zubo, bai damu ba. "Huɗu... ba ta... ci. Tun... kakanni... ba ta ci!"

Hajiya Batulu ta faɗo ɗakin da ludayi a hannu. Rabon da ta ji kalmomi sun jeru haka a bakinsa tun kafin ya kwanta.

"Gaskiyarsa," in ji Jalo. "Uku ce ke ci. 'Yar nan, injinki ya so ya cuci ubanki."

"Kuskurena ne, na manta." Maijidda ta share ido da gefen mayafi, ta durƙusa, ta ɗage kwalin. Darar ta ɓace, rubutu ya cika gilashin, layi bisa layi. Yatsunta suka shiga gudu. Ta nemo wurin, ta goge, ta ƙara layi biyu, ta sake dubawa tana motsa leɓe.

Malam Garba bai ƙara kallon gilashin ba. Hannuwan 'yarsa yake kallo. Ya daɗe a haka, sannan ya taɓa gwiwar Jalo da hannunsa mai rawa, ya nuna ta da haɓa.

"Na gani," in ji Jalo. "Tun ɗazu nake gani."

Ladan ya kira la'asar. Maijidda ta mayar da kwalin, gidaje talatin suka dawo wayam. Jalo ya yunƙura zai tashi alwala, sai ya ji an riƙe masa bakin riga.

"Batulu," in ji Malam Garba, a hankali, yana rarrabe kalmomin. "Buta... biyu."