Likita a Tsohon Ajinta

Jami'in shirin guraben 'ya'yan talakawa ya ce ta ɗan saki fuska saboda mai hoto, ta saki. Tun farkon mako ake yawo da ita makaranta-makaranta, har muryarta ta dushe. Wannan kuwa tata ce, a nan ta yi sakandare, a ajin nan da rabin bencinansa ba su da bayan jingina.

Da babbar jami'a ta ware wa 'ya'yan talakawa gurabe a sashen likitanci, ita ce ta fara shiga daga unguwarsu. Tun daga ranar kowa ya koma kiranta Likita, har mahaifiyarta. Babu wanda ya san ta faɗi jarrabawar kimiyyar sinadarai, kuma idan ta sake faɗuwa sallamarta za a yi. Ranar da aka fara shigar da su ɗakin gwaji, abokan karatunta suka riƙa ɗaukar kayan kamar cokulan gidansu. Ita a littafi kawai ta taɓa ganinsu.

Shugaban makaranta ya yi dogon bayani, ya nuna ta ya ce ga shaida nan tsaye. Aka tafa. Ta maimaita jawabin da ta haddace, cewa ƙofa a buɗe take, ƙoƙari kawai ake bukata.

Wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu.

"Anti, a can suna koya wa mutum abin da ba a koya masa a nan ba?"

Jami'in ya yi caraf ya ce akwai tallafi iri-iri. Likita ta tambayi yarinyar wa ke koya musu sinadarai. Ajin ya yi dariya. Wai tun bara aka yi wa malamin canjin wurin aiki, ba a kawo wani ba.

"Ba sa koyarwa," in ji Likita. "Ɗauka suke yi kin riga kin sani."

Shugaban ya yi gyaran murya. Jami'in ya raɗa mata cewa mota na jira, akwai wata makarantar a gaba. Ta ce su tafi, za ta hau bas.

Ta nemi alli, da ƙyar aka samo guntu a ofis.

"A ina kuka tsaya a darasin sinadarai?"

"Ba mu fara ba, Anti."

Likita ta juya ga allon. An rubuta mata barka da zuwa da manyan baƙaƙe, har da zanen furanni. Ta sa tafin hannu ta fara gogewa.