Dakan Ƙaiƙayi

A shekarar da fara ta sauka a Gure ta cinye gero yana tsaye ya fid da kai, babu gidan da bai ji a jikinsa ba. Mutanen Bune da na Kelle suka yi ta shigowa gari da tabarmi a ka. Mata suka bazu a tuddan rairayi suna kakkaɓar ƙarangiya, wasu suna jiƙa anza don ɗacinta ya fita.

A unguwarmu akwai tsoho Abarshi, wanda a da shi ne madugun ayarin gishiri. A zamaninsa baƙo bai taɓa kwana da yunwa a zaurensa ba. Yanzu raƙuma sun ƙare, 'ya'yansa maza sun tafi Nguru neman hatsi tun kaka babu labari, ciwon ƙirji kuma ya kwantar da shi. Daga shi sai matarsa Yabawa. Ya gargaɗe ta cewa muddin yana numfashi, kada a gan ta da ƙwarya a ƙofar kowa.

Saboda haka kowace safiya Yabawa takan zuba ƙaiƙayi a turmi ta yi ta daka, don unguwa ta ji gidan madugu yana nan yadda aka san shi. Abin da suke ci kuwa ganyen aduwar tsakar gida ne, da ɗan garin da ta iya tankaɗewa daga ƙaiƙayin.

Sai dai duk macen da ta taɓa riƙe taɓarya ta san ƙarar turmi mai hatsi, nauyi gare ta. Turmin Yabawa itace ne kawai yake bugun itace. Matan unguwa duka sun ji, duka sun gane, kowace ta kawar da kai. Wannan shi muke kira kara, muna alfahari da shi.

Katanga ɗaya ta raba gidan da na Garbai. Abarshi ne ya ba shi raƙuminsa na farko, yanzu kuma Garbai ke kawo gero daga kudu. Garbai ba marowaci ba ne. Kullum ana dama kunu a ƙofar gidansa, baƙin yunwa suna jeruwa, maroƙi yana kirari. Amma wanda ya miƙo ƙoƙo shi kaɗai yake samu.

Wata rana matarsa Balkisu ta tambaye shi ko yana jin dakan Inna Yabawa. Ya ce yana ji, an gode Allah da suke da abin dakawa.

"Malam, kunnenka ya saba da kukan raƙumi," in ji ta. "Ƙaiƙayi take dakawa."

Garbai ya ce aika wa Baba Abarshi mudun hatsi daidai yake da tuɓe masa rawani a tsakiyar kasuwa. Ya kai maganar gaban dattawa a ƙofar masallaci. Liman ya ce sadakar ɓoye ta fi lada, a nemi dabara. Wani ya ce a jefa buhu ta kan katanga. Wani ya ce madugu zai gane daga inda ya fito, zai sa a mayar. Wani ya ce a bari sai Salla, lokacin da kowa ke aika wa kowa. Aka shafa fatiha, aka ce Allah ya kawo sauƙi, aka watse. Haka aka yi ta zama ana tashi, mutum yana ƙarewa a bayan katanga, manyan gari suna auna mutuncinsa kamar shi zai ci.

Garbai ya shiga gaisuwa da kansa. Da Abarshi ya ji sallama, ya sa Yabawa ta naɗa masa rawani ta jingina shi da bango. Ya ce lafiya lau, sai godiya, ya kuma ba da haƙuri da Garbai ya zo bayan an riga an ci abinci. Garbai ya fito da sauƙi a ransa, ya ce wa Balkisu ai ga shi, da bakinsa ya ce sun ci.

Balkisu ba ta ƙara jiran kowa ba. Ta cika ƙwarya da gero, ta rufe da faifai, ta shiga gidan Abarshi. Ta ce turminsu ne ya tsage, ta zo ta ari na Inna. Ta surfa, ta daka, sannan ta ce ta manta tukunya a wuta, ta nufi ƙofa ta bar ƙwaryar.

Yabawa ta bi ta da ido. Wuyanta ya zama kamar kara.

"'Yar nan," ta ce a hankali, "da ma tun farkon rani turmin naku ya tsage."

Ta dama kunu ta kai wa Abarshi. Ya tambaya daga ina, ta ce yara ne suka aiko daga Nguru. Ya yi murmushi ya ce ya san ba za su manta ba. Ya kurɓa, amma cikinsa ya riga ya ƙi karɓar komai. Kafin Juma'a ta zagayo aka kai shi makwancinsa.

To, a nan ne hatsi ya fito. Al'ada ta yarda a kai wa gidan rasuwa, babu kunya a ciki. Gidajen da suka ce ba su san yadda za su yi ba, kowanne ya aiko da ƙwarya. Garbai ya aiko da buhu guda, yana kuka na gaske. Geron da ya taru a tsakar gidan ya isa ya riƙe tsohon har damina.

Ranar sadakar uku mata suka kewaye turmin suna dakan gumba, baƙin Bune suna jira a waje. Ƙarar ta yi nauyi, ana jin ta har bakin kasuwa. Yabawa tana zaune a gindin aduwar da ta yi wa ƙarƙaf, tana saurare. Wata ta durƙusa ta ce mata ta yi haƙuri, ba su sani ba.

"Kun sani," in ji Yabawa. "Ku ci gaba da daka."