Ranar da Aka Ɗauko Kurwar Velaphi

Kwana biyar da rasuwar Velaphi Hadebe, yayansa Mlungisi ya fita bayan gari da sassafe ya saro reshen magaryar kura. Washegari Asabar za a yi jana'iza, kuma a al'adarsu ba a binne wanda ya mutu a hanya sai an je da irin wannan reshe an ɗauko kurwarsa daga inda ta fita. Ta Velaphi a cikin motarsa ta fita, ranar Lahadi da rana, lokacin da ya kauce wa wata saniya a hanyar Estcourt ya daki kan gada. Motar tana can filin da ake tara motocin da suka yi hatsari.

Ƙanwarsu Ntombenhle ce ta tuƙa shi, domin da zarar mai reshe ya kira mamaci, ba ya ƙara magana da mai rai, ba ya waiwaye, sai ya kai shi gida. Ita kuwa malamar asibiti ce, bakinta ba ya hutawa. Tun daga ƙofar gida take mitar takardar 'yan sanda, wadda ta ce Velaphi bai ɗaura bel ba, shi ya sa ƙirjinsa ya bugi sitiyari. Maganar ta riga ta zaga dangi. Matarsa MaZondi, da ke zaune kan katifar makoki, ta rantse cewa mijinta ko baya zai yi da mota a tsakar gida sai ya ɗaura bel, amma gwaggonni suka ce zafin rashi ne ke magana, har wata ta ce a gaban 'ya'yansa ganganci ne ya mai da su marayu.

Mlungisi ma ya yarda da takardar, kuma yana jin haushin ƙanin nasa. Amma akwai wani abu da ya fi haushin ci masa rai. Shekara talatin yana kanikanci, kuma da Velaphi ya sayo motar nan ta hannu wata huɗu da suka wuce, ya roƙe shi ya duba masa ita. Mlungisi ya ce masa ya kawo ta ranar Asabar. Asabar ta yi ta zuwa tana wucewa, garejinsa cike da motocin haya.

Mai filin, wani gajeren mutum mai tumbi da ake kira Perumal, ya tare su da samosa a hannu ɗaya, takarda a ɗayan. Ya yi musu gaisuwa, ya ce 'yan gwangwan za su zo da azahar, sa hannu kawai za a yi su rabu da motar. Haka dangi suka yanke tun jiya: ba mai son ganin motar da jinin ɗan'uwa ya zuba a ciki. Ntombenhle ta ɗora takardar kan wata mota ta shiga laluben tabarau a jaka.

Mlungisi ya durƙusa a ƙofar direba, ya ɗora reshen kan kujera. Ya kira Velaphi da sunansa da na kakanninsu, ya ce masa yayansa ne ya zo, ya taso su tafi gida, nan ba wurin zama ba ne. Ya ɗaga reshen. Yana shirin miƙewa ke nan idonsa ya faɗa gefen kujerar.

Ƙarfen bel ɗin yana nan maƙale a mazauninsa, da guntun bel yana reto. Ya bi ɗaya ɓarin da ido har inda ya zaro daga jikin motar. Ba yankan almakashin masu ceto ba ne. An taɓa yanke shi tuntuni, aka haɗa da zaren tela, aka tura ɗinkin ciki inda ba mai gani. Murfin sitiyarin ma ya tsage, kuma inda ya kamata a ga jakar iskar nan da ke fitowa ta tare ƙirjin direba, soson katifa ne aka cusa.

Ya ji Ntombenhle ta ce ta ga tabaran. Idan ya yi mata magana, kurwar ta koma, kuma ba a kiran mamaci sau biyu kamar ɗan aike. Idan ya yi shiru, kafin la'asar motar ta zama dunƙulen ƙarfe, maganar gwaggonni ta zauna har abada.

Sai ya dubi reshen, ya ɗaga murya yadda duk filin zai ji.

"Velaphi, ƙanena, bari in gaya maka abin da na gani. Ka ɗaura bel ɗinka, ga ƙarfen nan a maƙale. Wani ne ya ɗinke shi da zaren tela ya sayar maka. Sitiyarinka kuma soso ne a ciki. Da na duba ranar da ka roƙe ni, da na gani. Ka yafe mini. Kuma ka sani, idan ƙanwarka mai surutun nan ta sa hannu a takardar can, ni da kai a nan za mu tare."

Perumal ya tsaya da tauna. "Mama, da wa Baba yake magana?"

"Da ƙaninsa," in ji Ntombenhle, tana mai da biro jaka. "Ka ci samosarka."

Ta zo ta leƙa ta bayan yayanta. Sannan ta ciro waya ta kira Nomcebo Sithebe, wata lauya da suke waƙa tare a coci, ta buɗe muryar wayar don mai reshe ya ji.

Lauyar ta ce kada a sa hannu a komai, kada a taɓa bel ɗin ko a zaro soson, a ɗauki hoto ta kowace kusurwa, a kai motar inda za a kulle ta har injiniya ya duba ya rubuta rahoto. Ta ce dokar kare masu saye ta ba iyali damar neman diyya daga dillalin da ya sayar, har da wanda ya yi gyaran idan an gano shi, kuma ba sai sun nuna wa kotu cewa da gangan aka yi ba. Ya isa a nuna kayan na da aibi kuma aibin ne ya jawo mutuwar. Akwai wa'adin shekara uku, amma ba tare da motar ba, ba ta da abin da za ta kai gaban alƙali. Ta nemi a ba mai filin waya, ta tambaye shi ko zai rubuta cewa ba wanda ya taɓa motar tun da aka kawo ta.

Perumal ya share hannu a wando, ya leƙa cikin sitiyarin, ya girgiza kai. Ya ce zai rubuta. Ya ce ya sha ganin irin wannan, amma kullum masu motar sun riga sun sa hannu sun tafi. Da kansa ya kawo tampol ya rufe ta, ya ɗora ta a janwensa.

Suka kamo hanya, reshen a kujerarsa shi kaɗai, Mlungisi a gefe yana sanar da shi duk gadar da za su haye da duk kwanar da za su sha. Ya gaya masa ƙarar da yake ji a baya motarsa ce, kada ya tsorata, gareji za a kai ta ba gida ba. Da aka sauke motar a garejin Mlungisi, Ntombenhle ta sa kwaɗo, ta jefa masa makullin a aljihun riga ba tare da ta dube shi ba.

A gida mata suka dare suka ba shi hanya. Ya shiga ɗakin makoki, ya ajiye reshen kusa da kyandir, ya ce wa Velaphi sun iso. Sannan ya koma bakin ƙofa ya tsuguna, ya cire hula.

"MaZondi, gaskiyarki ce. Ya ɗaura."

Gwaggonni suka kalli juna. MaZondi ba ta ɗago daga cikin bargonta ba. Ntombenhle ta zauna gefenta ta zayyana mata komai, har da cewa lauya za ta zo nan gida ranar Litinin tunda mai takaba ba ta fita, kuma shari'ar za ta iya jan lokaci, ba kuma lallai a yi nasara ba.

Can MaZondi ta yi magana, muryarta a dishe. "Yaya, makullin garejin yana hannun wa?"

"Yana hannuna."

Ta fito da hannu daga cikin bargon ta buɗe tafinta. Daga bakin ƙofa ya miƙa wa Ntombenhle makullin, ita ta ɗora mata. MaZondi ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta ja ƙullin da haƙori.