Babban Yatsan Habi

…lemun tsamin ma bai yi ba. Toka ba ta yi ba, sabulu bai yi ba. Malama Sadiƙa na durƙushe bayan ɗakin jarabawa nan garin Isa, hannun ɗalibarta Habi cikin nata, tana dirzar babban yatsan yarinyar da ɓawon lemo kamar mai kankare ƙanzo. Lallen na nan daram. Ja har ya koma baƙi-baƙi, ya kama yatsu goma ƙaf. Lalle mai kyau, wallahi, da wata rana ce sai a yaba wa wadda ta ɗaura shi.

Sau huɗu na'urar tantance yatsan nan ta ƙi. Sau huɗu! Jami'in da ke bakin ƙofa, Kamaluddeen, bai ma yi faɗa ba, shi ya fi ciwo. "Malama, lalle ya rufe zanen yatsa, na'ura ba ta gane ta. Ƙarfe tara za ni rufe ƙofa." Ƙarfe nawa yanzu? A'a. Kada ki duba agogo, Sadiƙa. Dirza.

Shekara uku fa! Shekara uku tana jan yarinyar nan kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, sai yau, ga guga a baki...

Rugar bayan Tsamaye. Baffa Kalilu bisa buzu, bai ko dube ta ba, shanunshi yake kallo yana jera mata sharuɗɗa. Ɗiyata ba ta zama benci guda da maza. To, Baffa. Ta raba aji, mata ta wajen taga, maza sunka yi ta ƙorafin an hana su iska. Azahar ba ta wuce ta. To, Baffa. Sau nawa ta tsaya gaban shugaban makaranta a kan a matsar da hutu ya faɗo daidai salla? Yana ce mata jadawali daga Sakkwato yake zuwa, tana ce mishi ai Sakkwato ma salla suke. Namiji ba ya ɗaukar hotonta. To, Baffa. Malama Rifkatu, 'yar Zuru mai koyar da kimiyya, Kirista, ita ta ɗauka da wayarta, ita ma ta gyara mata hijabin kafin ta ɗauka. Ga ta can yanzu ta ruga bakin titi neman wani lemon, baiwar Allah, da takalmin nan nata mai tsini.

Sai ranar kasuwa. Ranar kasuwa Habi na kai nono Sabon Birni, ba ta zuwa aji. To, Baffa. Wannan ma to. Da hannunta ta rubuta izinin, har tana jin daɗin kanta, wai ta iya zama da mutane.

Fatar ta fara yin laushi. Ko lallen ne ke tashi? Ba shi ba ne, fata ce.

Mi ya sa ma Baffa ya yarda? Innar Habi. Naƙuda ta tsananta, anka ɗora ta bisa amalanke har asibitin ƙauye, sunka tarar namiji ne kaɗai ke aiki. Ta ce a mai da ta gida. Anka mai da ta. Ba ta ga la'asar ba. "In ɗiyata za ta zama wadda mata ke tararwa a asibiti, na ba ki ita, Malama. Amma bana ce ta ƙarshe. Kafin ruwa ya sauka za mu ƙetara Nijar da shanu, nan ba ta zamnuwa. In ta ci, ta zamna wurinki. In ba ta ci ba, ta bi garke."

In ba ta ci ba. Bai ce in ba ta shiga ba. Wa ya taɓa tunanin ba za ta ma shiga ba?

Ya Rabbi, zafin nan. Tun da asuba sunka baro Sabon Birni, yara goma sha ɗaya a mota guda, kowa bakinshi na motsi da addu'a, hanyar nan da kowa ya san halinta. Sun tsira daga hanya, sai ga lalle. Lalle! Abin kwalliya!

Kuma wa ya kawo shawarar lallen? Faɗi mana, Sadiƙa, wa?

'Yar daji, haka 'yan aji ke ce wa Habi shekarar farko. In ta sha ruwa a randa sai a ɗauraye moɗa sau uku a gabanta. Basira ce kan gaba, Basira da 'yan bindiga sunka kashe wa yaya a gona. Mi za ka ce da yarinyar da ta ga an shigo da yayanta cikin tabarma? Ka ce mata ba kowane Bafillace ba? Ta sani. Sanin bai hana zuciya tafasa. Su ma su Habi an kore musu shanu ashirin, wa ya tambaya?

Shi ya sa jajibirin Salla Sadiƙa ta tara su tsakar gidanta. Ku zo mu yi lalle, duk 'yan ajin ƙarshe. Anka kwaɓa, anka zamna da'ira, Habi can gefe ta ƙanƙame gwiwa. Sai Basira ta miƙa hannu, ta ce, ke kawo nan. Basira fa! Ta ɗora hannun Habi bisa cinyarta. Sadiƙa ta ji hawaye na zuwa, ta tashi ta shige madafa wai cincin zai ƙone, don kada su gani. Har madafar ta jiyo Habi na cewa miyetti, na gode, da 'yar muryar nan tata. Rannan Sadiƙa ta ce wa kanta, yau kam na yi aiki. Yau na gama.

Layi na tafiya. Ga 'yan ajinta can suna matsawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ta ɗora yatsa, na'ura ta yi ƙara, ta shige. Hafiza ta shige. Nusaiba ta shige. To, tsaya... ai tare anka yi lallen nan. Kwaɓi guda, kwano guda. Don mi su...

Hannun Nusaiba. Zane a tafi, zane a baya, kan yatsu fari tas. Na Hafiza ma haka ta gani ɗazu a mota, ba ta kawo komi a ranta ba. Ga Basira, ta uku daga ƙofa, ta riƙe takardarta, kan yatsunta fes.

Sun sani. Ai dole su sani, ita ta gaya musu! Takardar hukumar jarabawa, ta tsaya gaban allo ta karanta da Turanci, ta maimaita da Hausa, kada kowa ta sa lalle a kan yatsu. Har dariya anka yi. Wace rana ce? Azumi ne, zafi, maƙogwaro a bushe... motocin hatsi na wucewa, ana jin hayaniya daga nesa... bencin wajen taga, na biyu, babu kowa.

Ranar kasuwa.

Innalillahi. Ta ce gobe za ni gaya mata. Ta tuna sarai ta faɗi haka a ranta tana naɗe takardar. Gobe. Goben ta zo ta wuce da abin da ta zo da shi, wahalar buɗa-baki, sakamakon gwaji, ciwon kai. Ta gyara benci, ta gyara salla, ta gyara hoto, ta buɗe wa yarinya ƙofar kasuwa da hannunta, sannan ta tsaya ta karanta abin da ya fi komi muhimmanci ga bencin da babu kowa.

To Basira fa? Basira na ajin rannan. Ta bar nata yatsu, ta cika na Habi har farce. Mantuwa ta yi? Ko Habi ce ta ce a yi mata dungulmi, a rufe yatsu duka irin na ruga, ita kuma ta ji nauyin hana ta? Ko kuwa... a'a. A'a, Sadiƙa, ki ji tsoron Allah, yarinya ce. Amma ta ɗora hannun bisa cinyarta, a hankali, yatsa bayan yatsa... Kuma ke kina ina? Kina madafa kina share hawayen daɗi.

"Malama." Habi ce, ta ɗan ja hannunta. "Da zafi."

"Yi haƙuri, ɗiyata, saura kaɗan."

"Kada a goge duka, Malama. Basira ta ɗaura mani shi."

Kai! Wayyo Allah. Ba ta ma sani ba. Kwana tara tana kaffa-kaffa da hannun nan, ko wanke-wanke sai ta yi a hankali don kada ya koɗe.

Basira ta kai ƙofa. Ta ɗora yatsa, na'ura ta karɓa. Ta waiwayo... nan take kallo? Tausayi ne a fuskar nan, ko kunya, ko rana ce kawai ta sa ta runtse ido? Ta shige. Wa za a tambaya? In an tambaya, wace amsa ce za ta buɗe ƙofa?

"Saura minti biyar, Malama!"

Rifkatu ba ta dawo ba. Babban yatsan ya saɓule, ɗan jini na tsattsafowa, ba a ma rarrabe shi da lallen. Wannan kam ya gama, ko na'urar Makka aka kawo ba ta karanta shi. Baffa Kalilu bisa buzu. To, Baffa. To, Baffa. Wannan karon mi za ta ce mishi?

Ɓawon lemon ya zama tsumma, babu sauran ruwa a cikinshi. Ta saki babban yatsan, ta kama na kusa da shi.