Motar Soja Ba Lamba

Wata huɗu ke nan Alhaji Isha'aku yana kwance, tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ko zama ba ya iyawa. Abu ɗaya yake roƙo: a kai shi Makka ya ƙara ganin Ɗakin Allah kafin ta Allah ta kasance. Daga unguwarsu Mahjar, a Jidda, zuwa Harami tafiyar awa guda ce, amma wace tasi ce za ta ɗauki mutum a miƙe?

Matarsa Aissa ba ta tsaya kuka ba. Ta cire awarwaronta na zinariya ta miƙa wa ɗansu Mahadi, mai gyaran mota.

"Je ka nemo abin da zai ɗauki babanka a kwance."

Mahadi ya dawo da tsohuwar motar asibiti ta sojoji da ya samu a gwanjo, an goyo ta a bayan babbar mota. Kalar rairayi, da gado a ciki, injin lafiya lau. Lamba ce babu.

Aka kira Muntaka, mai bi wa mutane takardu a ofisoshi. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da makulli.

"Hajiya, abu ne mai yiwuwa. Amma ba a ba farar hula lamba da kamannin soja a jiki. A canja fenti, a cire jiniya, a goge alamunsu. Sannan a kai ta fahas, wajen duba mota."

Aissa kuwa shekara talatin da biyar tana Jidda, rabinsu ba iƙama, takardar izinin zama, ta yi su. Ta kwana a bayan tankin ruwa saboda masu kaki. Duk abin da ya yi kama da hukuma, gabanta faɗuwa yake. Ta ɗauko kujera ta zauna a kan Mahadi, carbi a hannu, yana fesa farin fenti tana nuna masa.

"Ga wani rubutu can."

Ya goge.

"Wancan fa na ƙasa, jikin ƙarfe?"

"Ya Ummi, wannan ba fenti ba ne, bugawa aka yi. A bar shi."

"A bar shi su tare mu a hanya da babanka a kwance? Ka fi Muntaka sani ne? Komai ya ce. Kankare shi."

"Ummi, wallah..."

"Ni na haife ka ko kai ka haife ni? Yalla!"

Mahadi ya sa injin gurza ƙarfe. Wuta ta yi ta tartsatsi, wurin ya yi sumul kamar bayan cokali. Aissa ta ce alhamdu lillahi, ta shiga ta gaya wa maigidan ya shirya, Juma'a mai zuwa sai Makka. Har haraminsa ta wanke ta shanya.

Ranar Talata aka sake goya motar zuwa fahas. Da la'asar suka dawo, Muntaka yana gaba yana huci.

"Hajiya, wa ya taɓa lambar shasi?"

"Lambar me?"

"Lambar da kamfani ya buga wa motar! Ita ce sunanta, ita ce iƙamarta. Mai duba motar ya leƙa da tocila, ya ce motar da aka kankare wa wannan, wa ya san ko ta sata ce? Da ƙyar na raba Mahadi da tambayoyi. Halas, shi ke nan. Ba lamba har abada."

"Kai ka ce a goge komai."

"Alamun soja na ce! Na ce a yanke mata kai ne?"

Ta juya kan Mahadi. "Kai da kake bakanike, ba ka sani ba?"

"Na sani, Ummi."

Ya shige ɗaki. Da ya yi mata tsawa ma da ta fi jin daɗi.

Motar ta zauna a ƙofar gida, fara fat kamar likkafani, kuliyoyi suna kwana a ƙarƙashinta. Maƙwabta suka sa mata suna Jirgin Hajiya. Kullum bayan azahar Alhaji sai ya tambaya, bakinsa a karkace, "An samu?" Aissa ba ta ƙarya. Sai ta ce, "Sha kununka, Alhaji."

Bayan sati uku ma'aikatan baladiya, hukumar gari, suka manna wa gilashin takarda: mota ba lamba ba ta zama a titi. Da wa'adin ya cika suka zo da motar ja. Aissa ta roƙi arziki su bari ta cire gadon, suka bari.

Ta tsaya a bakin layi, gadon jingine da bango, tana kallo. Da suka kai mararraba suka karya dama, suka hau tsohon titin Makka.

Daga ciki ta ji Alhaji yana kira, ya ji ƙarar inji.

"Aissa... an tayar da ita? Ina za ta?"

Ta shiga. Haramin yana ninke a kan akwati. Ta ɗauke shi ta tura can ƙasa, ta rufe.

"Ta kama hanyar Makka, Alhaji," in ji ta. "Mu ne dai ba ma ciki. Kuma ni ce na ja."